LAFIYAR UWARGIDA: Ciwon Mafitsara Mai Naci da Allurar Botox

 

A wannan watan za mu tsaya ne a kan wasiƙar wata 'yar'uwa da ta rubuto daga Bugaje, a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Ta roƙi a sakaya sunanta, kuma an sakaya. Uwa ce mai 'ya'ya biyar. Ta ce shekara uku ke nan tana fama da ciwon mara: da zarar fitsari ya fara taruwa sai ta ji kamar an ɗora mata garwashi, idan ta zaga sai ya ɗan lafa, kafin ta gama wanke kwano biyu ya dawo. Da rana takan zaga fiye da sau ashirin, da dare kuwa sau bakwai ko takwas. Duk inda ta kai kukanta amsa ɗaya ake ba ta, wai ciwon sanyi ne. Ta sha kafso iri-iri, an yi mata allurai a kemis, ta sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe, har Maraɗi ta tsallaka neman magani. Sau biyu ana yi mata gwajin fitsari ana cewa babu ƙwayar cuta. Kwanciyar aure ta zame mata azaba, maigida ya fara ganin kamar gudunsa take yi, a cikin gida kuma an fara raɗe-raɗin cewa ita ce za ta shafa wa abokiyar zamanta sanyi. Daga ƙarshe ta ce wata ƙanwarta mai karatun aikin jinya ta ba ta labarin wata allura mai suna Botox da ake yi a cikin mafitsara. Tambayarta ita ce: gaskiya ne akwai wannan allura, kuma ya dace ta sayar da tumakinta ta nemo ta?

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Amsa a taƙaice ita ce, eh, akwai allurar, kuma tana taimaka wa wasu mata. Amma ki dakata da sayar da tumakin tukuna, domin akwai matakai da dama da ya kamata ki taka kafin ki isa gare ta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda na san ba ke kaɗai ke cikin wannan hali ba.

BA KOWANE ZAFIN MARA NE SANYI BA

Mu mata mun mayar da kalmar "sanyi" tamkar buhu, duk abin da ya dame mu daga cibiya zuwa ƙasa sai mu jefa shi a ciki. Ƙaiƙayi sanyi ne, fitar ruwa sanyi ne, zafin fitsari sanyi ne, rashin haihuwa ma sanyi ne. Alhali a wurin likita waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowanne da sanadinsa, kowanne da maganinsa.

Mafitsara wata jaka ce ta tsoka da ke cikin mara, a gaban mahaifa. Ita ke tara fitsarin da ƙoda ke tacewa. Mafitsarar babban mutum mai lafiya tana iya riƙe kimanin mililita 400 zuwa 500, wato kusan ledar fiyawata guda. Shi ya sa mai lafiya ba ta cika wuce zagawa sau takwas a wuni ba, da dare kuma sau ɗaya ko ma babu. Cikin jakar akwai wani shafe mai santsi da ke kare namanta daga kaifin fitsari, kamar yadda dalaye ke kare bangon ɗaki daga ruwan sama.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira intastishiyal sistaitis, wanda a yau aka fi kiransa ciwon mafitsara mai naci. Ba sabon abu ba ne: tun a 1887 wani likitan mata a Amurka mai suna Alexander Skene ya raɗa masa sunan, sannan wajen 1915 Dakta Guy Hunner na asibitin Johns Hopkins ya bayyana wasu jajayen miki da ake gani a bangon mafitsarar wasu masu ciwon, waɗanda har gobe da sunansa ake kiransu. Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Amurka ta siffanta shi da cewa zafi ne ko nauyi ko matsi da mutum ke ji daga mafitsara, haɗe da yawan fitsari, wanda ya wuce mako 6, ba tare da an samu ƙwayar cuta ko wani sanadi na daban ba.

Alamominsa su ne kusan abin da 'yar'uwarmu ta lissafa. Zafi yana ƙaruwa idan mafitsara ta cika, ya ragu idan an yi fitsari. Fitsarin kan fito kaɗan-kaɗan, a wasu matan har sau 40 ko fiye a kwana guda. Akwai zafi lokacin saduwa ko bayanta, kuma ciwon kan tsananta gab da zuwan al'ada. Yakan lafa na wasu makonni har a ɗauka an rabu, sannan ya dawo. Bincike ya nuna abubuwa da yawa ke haɗuwa su kawo shi: lalacewar wancan shafe mai kare mafitsara, kumburi a bangonta, ɗaurewar tsokokin ƙasan mara, da kuma jijiyoyin da suka zama masu saurin kai ƙarar zafi ga ƙwaƙwalwa. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya ƙiyasta cewa mata miliyan 3 zuwa kusan miliyan 8 a ƙasar suna da alamominsa, kuma mafi yawansu ba a taɓa gaya musu sunan abin da ke damunsu ba. To idan haka abin yake a can, ina ga mu?

Abu biyu nake so ki riƙe da kyau. Na farko, wannan ciwo ba a ɗaukarsa, ba a kuma shafa wa wani. Ba ya bin miji, ba ya bin kishiya, ba a kwasarsa a masai. Na biyu, tunda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ko kwali nawa na kafso aka sha ba zai warke ba. Abin da kawai za a samu shi ne ɓarnar kuɗi, da ƙaiƙayin gaba saboda an kashe ƙwayoyin da ke kare jiki, da kuma ƙwayoyin cuta masu taurin kai waɗanda ranar da ciwon gaske ya zo magani ba zai ci su ba.

ABIN DA ZA A FARA KOREWA

Babu wani gwaji guda da ke nuna ciwon mafitsara mai naci kai tsaye. Likita yana gane shi ne bayan ya kore sauran cututtukan da ke kama da shi. A yankinmu kuwa masu kama da shi suna da yawa, kuma galibinsu sun fi shi sauƙin magani.

Na farko shi ne ƙwayoyin cuta a fitsari. Gwajin da ake tsoma ɗan tsinke a fitsari a duba launi bai wadatar ba. Akwai wanda ake ajiye fitsarin a ɗakin gwaji kwana 2 zuwa 3 a ga ko wani abu zai tsiro, da kuma maganin da ke kashe shi. Wannan za ki nema, kuma kada ki yi shi kina tsakiyar shan kafso, domin zai fito fes alhali akwai cuta.

Na biyu shi ne tsargiya. Mun ɗauke ta ciwon yara maza masu wanka a rafi, har wasu na ganin fitsarin jini alamar balaga ce. Duk macen da ta tashi tana wanki ko ɗiban ruwa a kududdufi, ko tana aikin lambu a bakin madatsar ruwa irin ta Jibiya, tana iya ɗauke da ita shekara da shekaru. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara su sa ta yi tauri ta tsuke, suna kuma iya kama bakin mahaifa su kawo zafin saduwa da fitar ruwa mai kama da sanyi. Idan aka bar ta ta daɗe tana iya kai wa ga sankarar mafitsara. An fi ganin ƙwayayen a fitsarin da aka bayar tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana. Maganinta, firazikwantel, ƙwaya ce mai araha da ake aunawa da nauyin mutum.

Sai ciwon suga, wanda ke kawo yawan fitsari da ƙishirwa. Sai tsakuwa a mafitsara. Sai tarin fuka, wanda mutane da yawa ba su san yana sauka ƙoda da mafitsara ba, kuma shi ma gwajin fitsari na yau da kullum ba ya nuna shi. Sai cututtukan mahaifa da na saduwa, waɗanda su kam dole a yi wa miji da mata magani tare. Sai kuma illar abubuwan da muke cusawa da sunan matsi ko tsarki, waɗanda ke ƙona fatar gaba da bakin hanyar fitsari.

Akwai kuma yoyon fitsari, wanda mu mutanen Katsina mun san shi sarai saboda asibitin Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke mata tun 1984, wurin da a yau ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. A tsallaken iyaka ma akwai irinta a Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. Yoyon fitsari huda ce da doguwar naƙuda ke yi wa mafitsara, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tare da mace ta ji ba. Maganinsa ɗinki ne, allura ba ta toshe huda. Sai dai wasu matan, bayan an yi ɗinkin ya kama, sukan ci gaba da fama da matsuwar fitsari da zafi. Su ma wurin likitan da ya yi aikin ya kamata su koma.

Idan kuwa kika ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko rama ba dalili, ko kina da juna biyu, kada ki jira kasuwar Lahadi ta ci, asibiti za ki nufa a ranar.

MATAKAN DA KE GABAN ALLURA

A ce duk an kore waɗancan, likita ya tabbatar ciwon mafitsara mai naci ne. Daga gida ake fara magani.

Ki samu littafi da ƙaramin kofi mai awo. Kwana 3 a jere ki rubuta lokacin da kika yi fitsari, da yawansa, da abin da kika ci ko kika sha, da yadda zafin yake. Idan ba ki iya rubutu ba, 'yarki ta taya ki. Wannan ɗan littafi ya fi dogon bayani amfani a gaban likita, ke ma zai nuna miki abin da ke tayar miki da ciwon.

Abubuwan da aka fi kama su da laifi su ne shayi mai kauri, kofi, goro, lemon kwalba, lemon tsami da na zaƙi, tumatir, da barkono. A kicin ɗinmu sai ki sa ido kan yaji, da zoɓo, da kunun tsamiya, da duk abin da ke da tsami. Ba a ce ki bar su har abada ba. Ki ajiye su duka na mako biyu, sannan ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki ba shi kwana uku. Jiki magayi, shi zai nuna miki wanda ba ya so.

Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne daina shan ruwa don gudun zagawa. Ruwa kaɗan yana sa fitsari ya yi kauri, ya ƙara kaifi, zafin ya ninku. Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan cikin wuni, ki rage bayan magariba. Da dare kuma ki ajiye fo mai murfi a ɗaki, musamman a wuraren da fita tsakar gida da tsakar dare ke da hatsari. Ki guji taurin bayan gida, ki yawaita ganye irin su zogale da rama da kuɓewa. Tsumma mai ɗumi a mara, ko zama cikin ruwan ɗumi zalla ba tare da an zuba komai ba, yana sassauta tsoka. Amfani da audugar kamfai da barin sabulu mai ƙamshi a wurin tsarki su ma suna taimakawa.

Idan wannan bai isa ba akwai magungunan sha. Amitiriftilin, wanda ake bayarwa kaɗan da dare, yana kwantar da jijiyoyin zafi yana kuma taimaka wa barci. Akwai haidiroksizin da simetidin. Akwai Elmiron, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, amma a 2020 aka ƙara masa gargaɗi cewa daɗewa ana shansa na iya taɓa ido. Duk waɗannan likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba. Akwai gashin tsokokin ƙasan mara da ƙwararrun masu gashin ƙashi ke yi. Akwai magungunan da ake zubawa kai tsaye cikin mafitsara ta siririyar roba. Akwai kuma leƙa mafitsara da wani siririn madubi mai fitila. A lokacin ne ake buɗa ta da ruwa, idan kuma an ga mikin Hunner a ƙone shi, wanda sau da yawa yakan kawo sauƙi sosai. Sai bayan an bi waɗannan ba a dace ba ake maganar Botox.

MECE CE BOTOX?

Za ki yi mamaki idan na ce miki asalinta guba ce, kuma tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a duniya. Wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa ce ke fitar da ita, musamman a abincin da aka rufe ba iska ya lalace, kamar na gwangwanin da ya kumbura. A 1895, a wani ƙauye a ƙasar Beljiyam, wasu makaɗa suka ci nama mai gishiri bayan wata jana'iza, jikinsu ya shanye, uku suka mutu. Binciken wannan ne ya kai wani masani mai suna Emile van Ermengem ga gano ƙwayar. Ana kiran gubar botulinam. A nan bari in tsakura wa iyaye mata wani abu: ana samun irin wannan ƙwaya a cikin zuma, hanjin babba yana iya da ita, na jariri ba ya iyawa. Shi ya sa likitoci suka hana ba wa yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da lasawa ce.

Yadda gubar ke aiki shi ne tana tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka cewa ta motsa. Da yawa tana kisa, amma ɗan mitsitsi da aka tace aka auna, aka sa a daidai wurin da ake so, yana sassauta tsokar da ta ɗaure. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ta a kan masu harararren ido, kuma a 1989 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da ita don wannan. A 2002 aka amince a yi amfani da ita wajen ɓoye tamojin tsakanin gira, daga nan ne sunanta ya bazu a matsayin kayan kwalliyar masu kuɗi. A 2011 aka amince da ita ga masu zubar fitsari saboda ciwon laka ko na jijiya, a 2013 kuma ga masu mafitsarar da ke matsawa da kanta ba a shirya ba. Botox sunan da kamfani ɗaya ya sa wa tasa ne, akwai wasu kamfanonin da nasu sunayen.

A ciwon mafitsara mai naci tana yin aiki biyu. Tana sassauta tsokar mafitsara ta yadda za ta ƙara riƙe fitsari, tana kuma rage sinadaran da jijiyoyi ke amfani da su wajen kai ƙarar zafi.

Ba a hannu ko a ɗuwawu ake yin ta ba. Likitan mafitsara ne ke shigar da wancan siririn madubi ta hanyar fitsari, bayan an kashe zafin wurin ko an sa mace barci. Ta cikinsa ake zura wata allura mai tsawo a tsira wa bangon mafitsara a wurare 10 zuwa 20, jimillar awo 100 na maganin. Aikin ba ya cika wuce rabin awa ba, galibi a ranar ake komawa gida. Sauƙi kan fara bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Tana aiki kuwa? A 2016 likitoci a ƙasar Taiwan sun wallafa wani gwaji da suka yi wa mutum 60 waɗanda sauran magunguna suka gaza musu. An yi wa 40 allurar gaske, 20 kuma ruwan gishiri, babu wanda ya san wadda aka yi masa. Bayan mako 8, kashi 63 cikin 100 na waɗanda suka samu ta gaske sun ce sun samu sauƙi, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 15 ne. Wannan labari ne mai daɗi ga wadda ta shekara uku ba ta yi barcin kirki ba. Amma ki lura, a cikin kowane mutum uku akwai ɗaya da bai amfana ba.

SHARUƊƊAN DA MAI TALLA BA ZAI FAƊA MIKI BA

Na ɗaya, allurar ba ta warkarwa, sauƙaƙawa take yi. Jijiyoyin kan farfaɗo, bayan kamar wata 6 zuwa 9 ciwon ya fara dawowa, sai an sake. Ba a kuma maimaitawa kafin mako 12. Ke nan wadda ta sayar da tumaki ta yi ta farko, ta tambayi kanta me za ta sayar a karo na biyu da na uku.

Na biyu, tana iya sassauta mafitsara fiye da kima har fitsari ya ƙi fita duka. Wannan kan samu kaɗan daga cikin mata, kuma idan ya faru sai mace ta riƙa zura wa kanta siririyar roba sau da yawa a rana tana fitar da shi, na wasu makonni ko watanni, har ƙarfin maganin ya ragu. Ƙa'idar likitocin Amurka, wadda suka sabunta a 2022, ta ce kada a yi wa kowa wannan allura sai ya yarda zai iya wannan aiki idan ta kama. Ga matar da ke ƙauye, wannan na nufin ruwa mai tsafta, da sabulu, da robobi, da hanyar komawa asibiti cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun kafin allura za a tanadi waɗannan.

Na uku, tana ƙara yiwuwar kamuwa da ƙwayoyin cuta a fitsari, kuma ba a yin ta idan akwai su a lokacin. Ba a yi wa mai juna biyu, mai shayarwa kuma sai ta sanar da likita. Ba ta dace da masu wasu cututtukan raunin tsoka ba. Allurar jentamaisin, wadda ake yawan yi wa mata a kemis da sunan maganin sanyi, tana iya ƙara mata ƙarfi ta yadda ba a so. Don haka ki faɗa wa likita duk abin da kika sha ko aka yi miki, har da na gargajiya. Idan bayan allura aka ji wahalar haɗiya ko numfashi, ko fatar ido ta saki, a garzaya asibiti.

Na huɗu, daga waje ake shigo da ita, tana da tsada, kuma a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8 na sanyi. Duk kwalbar da ta kwana a jakar ɗan kasuwa cikin zafin bazara, ko ta tsallako iyaka a bayan babur, ba abin yarda ba ce. Akwai kuma jabu. A 2024 hukumomin lafiya a Amurka sun yi gargaɗi bayan da wasu mata suka kwanta asibiti sakamakon allurar jabu ko wadda marasa ƙwarewa suka yi musu. Duk wanda ya ce zai yi miki Botox a shago, ko a gida, ko a wurin gyaran jiki don maganin mara, ki riƙe kuɗinki ki yi gaba.

Inda za ki dosa shi ne babban asibiti mai sashen likitocin mafitsara. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke a yi gwaje-gwajen farko, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Daga nan, idan da buƙata, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki tafi da ɗan littafinki, da sakamakon tsofaffin gwaje-gwaje, da kwalayen magungunan da kika sha. Kada kunya ta sa ki ce "marata ke ciwo" ki yi shiru. Ki faɗi sau nawa kike tashi da dare, ki faɗi maganar zafin saduwa. Likita ba ya duba abin da aka ɓoye masa.

SAƘO GA MAIGIDA DA MUTANEN GIDA

Na san akwai mazan da ke leƙa wannan shafi idan uwargida ta ajiye mujalla. Maigida, matar da ke tashi sau takwas a dare ba ta da barci, wadda ba ta da barci kuwa dole ta yi saurin fushi da kasala. Ba ƙinka take yi ba, ba kuma raki ba ne. Ka raka ta asibiti ka ji bayani da kunnenka. Haƙuri da lallashi, da zaɓen ranakun da ciwon ya lafa, da ba ta dama ta yi fitsari kafin kwanciya da bayanta, suna gyara abin da faɗa ba zai gyara ba. Abokiyar zama da uwar miji da 'yan'uwa, ku ma ku ji tsoron Allah a kan harshenku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda aka yi wa gori da lalura yau, ba a san wadda za ta kwanta gobe ba.

Game da alwala da azumi, waɗanda na san suna damun masu wannan lalura, malaman fiƙihu sun yi bayani a kan mai larurar fitsari, kuma akwai sauƙi a ciki. Ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ki kuma shawarci likita kafin watan azumi ya kama, domin ƙarancin ruwa na iya tayar da ciwon.

'Yar'uwata ta Bugaje, ki bar tumakinki su yi kiwo. Kuɗin mota zuwa Katsina da na gwajin fitsari na gaske da na tsargiya da na suga su ne abin nema a yanzu. Wataƙila a nan za a gano bakin zaren. Idan kuma ya tabbata ciwon mafitsara mai naci ne, ki sani yana da suna, yana da likitoci, kuma mata da yawa sun samu sauƙi tun kafin a kai ga allura. Idan an kai gare ta, ki shige ta da idonki a buɗe, a hannun likitan da ya san aikinsa. Ki sake rubuto mana mu ji yadda aka kwana.

A wata mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba tsargiya a jikin mata da 'yan mata, da yadda za mu kare yaranmu a lokacin damina. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita.